FILIN MATA: Kalmar "Faction" da Ɓarakar Cikin Gida



A makon nan za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu ɗauki wata kalma guda ta Turanci mu feɗe ta har wutsiya. Kalmar kuwa ita ce "faction", ana faɗinta kamar a ce fakshin. Duk wadda takan duba jaridun Turanci lalle ta sha gamuwa da ita, tun ba ma in zaɓe ya gabato ba. 'Yan makaranta kuma sukan same ta a darasin tarihi da na sha'anin mulki, har wani lokaci ta fito musu a jarrabawa. To, kada wata ta ce ai wannan zancen maza ne 'yan siyasa. In kun bi ni sannu za ku ga abin da kalmar ke nufi yana tsakar gidanmu, yana cikin adashinmu, yana kuma ɗakin kwanan 'yan makaranta.

MA'ANARTA

Abin da Turawa ke kira "faction" shi ne wata 'yar jama'a da ta haɗa kai a cikin babbar jama'a, tana jayayya da sauran 'yan'uwanta, tana neman al'amari ya koma hannunta. Ku lura da abu uku a nan. Na farko, a ciki take, ba a waje ba. Na biyu, ta haɗa kai, tana da masu yi mata ja-gora. Na uku, tana ja da sauran.

Ga misali. In matan wata unguwa suna da adashinsu, matan unguwar gaba kuma suna da nasu, wannan adashi biyu ne kawai, ba a kiran ɗaya "faction". Amma in adashi ɗaya ne, na mata ashirin, sai bakwai daga ciki suka riƙa haɗuwa a ɓoye suna shirya yadda za su ture uwar adashi, to waɗannan bakwai ɗin sun zama "faction". Hakanan jam'iyyu biyu masu takara da juna abokan hamayya ne. Sai jam'iyya guda ta dare, kowane gefe yana cewa shi ne na ainihi, sa'an nan kalmar take shigowa.

Asalinta daga Latin ne, watau harshen Rumawan dā. Su suna cewa "factio", daga wata kalmarsu mai ma'anar yi ko ƙera. Daga saiwar nan ce kuma aka sami "factory", gidan da ake ƙera kaya. Rumawa sun kasance da wasan tseren kekunan doki, masu tseren kuwa sun kasu huɗu, kowane kashi da launin tufafinsa: ja, da fari, da shuɗi, da kore. Kowane kashi ana kiransa da wannan suna, magoya bayansu kuma har faɗa sukan yi, kamar dai yadda samarinmu ke yi a gidan kallon ƙwallo. Daga Latin ta shiga Faransanci, daga nan ta shiga Turanci, yau wajen shekara 500 ke nan. Ina so ku riƙe wannan asali nata na yi da ƙera, domin akwai darasi a ciki. Rabuwar kai ba ta faɗowa daga sama kamar ƙanƙara. Wani ne ko wata ke zama ta ƙera ta.

KADA KU RIKITA SU

'Yan makaranta, ga inda kukan yi tuntuɓe. Akwai kalmomi uku masu kama da juna kamar 'yan uku, bambancinsu harafi ɗaya tak. Akwai "faction" da muke magana a kai. Akwai "fraction", mai harafin r, wadda kuke yi a lissafi, watau rabi, da sulusi, da rubu'i, da sauransu. Akwai kuma "fiction", watau ƙagaggen labari, irin su Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam. Yarinyar da ta rubuta wa mai duba jarrabawa cewa jam'iyya ta kasu "two fractions" ta mai da siyasa lissafi, makinta kuwa ya tafi.

Ga yadda ake aiki da ita. Suna ce, ana ƙirga ta: "a faction", "two factions". In an ce "The union split into two factions", ana nufin ƙungiyar ta dare gida biyu. In kuka ga "factional chairman" a jarida, ana nufin shugaban da gefe ɗaya ne kurum ya yarda da shi. "Factionalism" kuwa ita ce ɗabi'ar kanta, wadda muke kira ɓangaranci.

Sai dai babban abin lura shi ne, kalmar nan tana da ɗaci. Akwai zargi a cikinta. Da wuya ku ji wani ya miƙe ya ce shi ɗan "faction" ne. Kullum su wancan gefen ne "faction", mu kuwa mu ne ƙungiya ta gaskiya. Saboda haka in kuna rubuta wa shugabar makaranta takarda a madadin 'yan ajinku ko 'yan wasanku, ku ce "group" ko "team". In reshen wata ƙungiya kuke nufi, ku ce "branch". Wadda ta rubuta "our faction" ta kai ƙarar kanta ba ta sani ba. Har wa yau, in kuna karatun jarida ku sa ido. Jaridar da ta kira gefe ɗaya da sunan jam'iyya, ta kira ɗayan "faction", ta riga ta nuna muku inda ta karkata, ko da ba ta faɗa ba.

YADDA MUKE FAƊA DA HAUSA

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan abu ba, har ma ta fi Turanci rarrabewa. Masu karanta labaru a rediyo sukan ce ɓangare ko tsagi. Ɓangare shi ne abin da ya ɓalle daga jikin wani abu, amma kalmar tana da faɗi, don akan ce ɓangaren mata a asibiti ba tare da wani faɗa ba. Tsagi ya fi kusa, domin daga tsagawa ya fito, kuma ba a tsaga abu sai wanda dā ɗaya ne. Ɓaraka kuwa ita ce rabuwar kanta. Duk macen da ta taɓa riƙe allura ta san ɓarkewar ɗinki: zare ɗaya ne ke fara tsinkewa, in ba a kama shi ba kafin a ankara hannun riga ya fita.

Sa'an nan akwai saɓani, wanda shi daban yake da waɗannan duka. Saɓani shi ne na ga abu fari, ke kin gan shi baƙi. Wannan ba laifi ba ne, ai tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma ba wanda ya taɓa ƙaura ya bar wa ɗan'uwansa bakin. Yawancin wahalarmu daga rashin bambance saɓani da tsagi take. Wata shugaba da zarar an ce mata ba haka ba, sai ta ce ana yi mata tawaye. Wata kuma da zarar ba a bi shawararta ba, sai ta ja zugarta ta koma gefe. Duka biyun sun ɓata.

Akwai kuma wata tsohuwar kalma tamu da ta riga rediyo da jarida zuwa duniya, ita ce 'yan'ubanci. Uba ɗaya, gida ɗaya, rumbu ɗaya, amma kowane ɗaki yana ja wa kansa. In kuna neman fassarar "factionalism" da kakanninmu za su gane nan take, to ga ta nan.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, da 'yan'uwansa suka ƙi yarda, suka fita birni suka koma Takai. Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, aka gwabza yaƙin da ake kira Basasa. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ɗan'uwansa Aliyu Babba ya ci gaba da yaƙin har ya shiga Kano, aka kashe Tukur a 1895. Ku duba fa, Bello da Abdullahi 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo ne, watau Tukur da Yusufu jikokin mutum ɗaya ne. Talakawan da aka ƙone musu garuruwa da matan da suka zama gwauraye kuwa, ba su da gadon sarautar ko kusa.

Mu matso kusa. A 1978 Malam Aminu Kano da mutanensa suka kafa jam'iyyar PRP. A zaɓen 1979 ta ci gwamnoni biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano, da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Ba a daɗe ba saɓani ya shiga, domin gwamnonin nan biyu suna halartar taro da waɗansu gwamnoni na jam'iyyun UPN da GNPP, shugabannin jam'iyya kuwa sun hana. A 1980 jam'iyyar ta dare. Mutanen Kano, da yake ba su rasa bakin magana, suka laƙaba wa gefen gwamnoni Santsi, gefen Malam kuwa Taɓo. Ƙarshen abin fa? A watan Yuni na 1981 majalisar jihar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a ciki, ta tsige Balarabe Musa. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu na 1983. Rimi ya koma NPP ya yi takara, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, Kaduna kuwa ta tafi hannun NPN. Jam'iyyar da ta shiga da jiha biyu ta fita da ɗaya, ranar 31 ga Disamba na shekarar kuma soja suka kwashe duka.

Abin bai ƙare a zamanin nan ba. Daga 2016 zuwa 2017 jam'iyyar PDP ta zauna da shugabanni biyu, Sanata Ali Modu Sheriff da Sanata Ahmed Makarfi, kowanne yana cewa shi ne, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yuli na 2017, ta ba Makarfi gaskiya. A watannin nan jaridun Turanci sun sha rubuta "factional chairman" har kalmar ta gundure mu.

Amma kada ku ɗauka duk wanda ya rabu da ƙungiya mai laifi ne. Waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 suna cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa ne da farko. Da suka ga tafiyarsu ba ɗaya ba ce, sai aka rabu a fili, suka tsaya da sunansu da manufarsu, kowa ya san inda suke. Daga ranar da mutane suka fita suka kafa nasu, sun daina zama "faction", sun zama ƙungiya. Abin da ke cin gida shi ne a zauna ciki ana haƙa rami.

Wani Ba'amurke mai suna James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na huɗu, ya yi rubutu a kan wannan kalma a 1787. Ra'ayinsa shi ne, muddin mutane suna da 'yancin tunani, ba makawa su sha bamban, kuma wanda ya ce zai kashe bambancin sai ya kashe 'yancin tukuna. Saboda haka maganin da ya gani shi ne a tsara doka yadda wani gefe ba zai danne sauran ba. Wannan magana ta manyan ƙasashe ce, amma ta yi daidai da adashin mata ashirin.

MU DAWO GIDA

Mu nan ƙasar Zuru Allah ya tara mu iri-iri. Akwai Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa, da Fulani. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin al'adar gargajiya, wani lokaci ma a zuriya ɗaya. A kasuwar Bena za ki ji harshe uku ko huɗu kafin ki gama cefane. Wannan yawan iri ba tsagi ba ne, haka Allah ya yi mu. Amma fa a nan ɗinki ya fi saurin ɓarkewa. In mata biyu suka saɓa a kan kuɗin ƙungiya, maganar kuɗi ce, ana iya ƙirga ta a gama. Da zarar ɗaya ta ce ai don ni ba yarenku ba ce, ko don ba addininmu ɗaya ba, to an bar maganar da ke da iyaka an shiga wadda ba ta da iyaka.

Kuma duk mun san halin da ƙauyukan Danko-Wasagu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, da yadda mutane suka bar gonakinsu suka yiwo cikin gari. Jama'ar da ke cikin irin wannan hali ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓatar wajen faɗa da kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, yaya mace za ta gane saɓani ya fara rikiɗa ya zama tsagi? Ga alamu uku, ko a adashi, ko a ƙungiyar matan Islamiyya, ko a Zumuntar Mata ta coci, ko a taron iyaye da malamai.

Alama ta farko, taro kafin taro. Ana da ranar haɗuwa wadda kowa ya sani, amma waɗansu sun riga sun haɗu a ɗakin wance sun gama magana, sun zo ne kurum su ɗaga hannu.

Alama ta biyu, asusu na biyu. Waɗansu sun daina kai zubinsu wurin ma'aji, suna tarawa a hannun wata. Ko kuwa a bikin gida ɗaya a fitar da anko biyu, kowa ya san ba don son launi aka yi ba.

Alama ta uku, mutum ya maye gurbin magana. An daina tambaya shin shawarar nan tana da kyau, ana tambaya wa ya kawo ta. In daga bakin mutanenmu ta fito, daidai ce. In daga bakin su wance ce, ko zinariya ce a zubar.

In kun ga ɗaya daga cikin ukun nan, ku kama zaren tun bai yi nisa ba. Ga shawarata.

Ku rubuta dokokinku tun ana dariya. Nawa ne zubi, wace rana, wa za ta fara kwasa, me za a yi wa wadda ta makara, shekara nawa shugaba za ta yi. Dokar da aka rubuta ran da ba faɗa, kowa yakan yarda da ita. Wadda aka kawo a tsakiyar faɗa kuwa, ko ta fi kowace kyau, sai an ce don wance aka yi ta.

Ku sa kuɗi a fili. A sayi littafi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi da ƙarfi a kowane taro, domin wadda ba ta yi makaranta ba ita ma ta ji da kunnenta. A nan ne ku masu ilmi za ku yi amfani. Yawancin ɓarakar ƙungiyoyin mata daga zato take farawa, zato kuwa a duhu yake girma.

Shugaba ta ba mai ƙorafi dama ta yi magana a gaban kowa. Maganar da aka hana ta fita a zaure, ta bayan gida za ta bi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ita kuma mai ƙorafi, in an saurare ta aka ƙirga hannu ba ta yi rinjaye ba, ta haƙura ta bi jama'a, ta jira wani zagaye.

In abin ya ƙi, a nemi dattijuwar da ba ta da zubi a ciki ta shiga tsakani. In kuwa har zama ya gagara, to a rabu da rana tsaka: a yi lissafi, a ba kowa haƙƙinta, a gaisa. Wannan ya fi a zauna inuwa ɗaya ana yi wa juna zagon ƙasa.

Ku 'yan makaranta, naku ya fi sauƙin magani domin bai yi saiwa ba. Ƙawance ba laifi ba ne, kowa da wadda jininsu ya haɗu. Amma in ƙawancenku ya kai ga cewa kada kowa ta yi wa wance magana, ko kada a ara mata littafi, ko a ƙi bin shugabar ɗalibai don ba daga garinku ta fito ba, to kun ƙera "faction" da hannunku, ko da ba ku iya rubuta kalmar daidai ba.

Maganata ta ƙarshe gare mu iyaye mata ce, musamman masu zama da abokan zama. Yaro ba ya zuwa duniya da sanin ɗakinmu da ɗakinsu. A bakinmu yake ji. Ran da kika ce wa ɗanki kada ya ci tuwon ɗakin can, ko kika raba masa abin da uba ya kawo kina cewa ɓoye kada su gani, kin ba shi darasin farko na ɓangaranci, kuma zai fi riƙe shi bisa duk abin da za mu koya masa a aji. Yaran nan su ne za su raba gado wata rana, su ne kuma za su riƙe ƙungiyoyi da jam'iyyu da sarautu. Abin da ke tsakaninki da abokiyar zamanki ku ƙare shi ku biyu, ku bar yara su ci a kwano ɗaya.

Ga ɗan aiki ga 'yan makaranta kafin mako mai zuwa. Ku rubuta jimla uku da Turanci, ɗaya da "faction", ɗaya da "fraction", ɗaya da "fiction", ku fassara su da Hausa, ku kai wa malamarku ta duba. Ku kuma iyaye, in akwai wata kalma da kukan ji a labaru ba ku gane ta sosai ba, ku aiko wa Edita da ita, za mu duba ta a wannan fili in Allah ya yarda.

Allah ya haɗa kanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai wani makon.

Taku,
Malama, daga Bena.